Ella Deloria: Matar da Ta Adana Gadon Kakanninta a Cikin Labarin Wata Yarinya

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a zamanin da gidajen silima ke cika maƙil saboda fim ɗin kaboyi, ba zai manta da mutanen nan da ake kira Jajayen Indiyawa ba. Kullum a kan dawaki ake nuna su, sun soke gashin tsuntsu a ka, suna kururuwa suna auka wa ayarin Turawa, kafin jarumin fim ya zo ya kakkaɓe su da bindiga, 'yan kallo su ɗau tafi. Da wuya a nuna uwa a cikinsu tana shayar da jariri, ko kaka tana yi wa jikoki tatsuniya, ko yarinya tana koyon yadda za ta zauna da surukanta. Mayaƙa kawai aka nuna mana, alhali kuwa a cikin gida ne yaro ke koyon ko shi wane ne, da abin da yake bin mutane da abin da suke binsa.

Wannan gida da aka ɓoye shi ne wata mata daga cikin waɗannan 'yan asalin ƙasar Amurka ta ƙarar da rayuwarta wajen bayyanawa. Sunanta Ella Cara Deloria, 'yar ƙabilar Dakota, wadda ta rayu daga 1889 zuwa 1971. Ta yi aiki da manyan masana, ta rubuta nahawun harshenta, ta tattara tatsuniyoyin mutanenta, amma daga ƙarshe sai ta ga duk wannan bai isa ya nuna yadda ake rayuwa a cikinsu ba, don haka ta ƙagi labarin wata yarinya da ta tashi a tsakiyar hari da annoba. Ta mutu ba ta ga littafin a buge ba. Ina ganin ya dace mu san ta, musamman mu da muka yi karatun zamani muke tsaye tsakanin ofis da zauren kakanni, domin matsayin da ta tsaya a kai bai yi nisa da namu ba.

An haifi Ella ranar 31 ga Janairu, 1889, a White Swan, cikin keɓaɓɓen yankin da gwamnatin Amurka ta killace wa mutanen Yankton, a inda yanzu ake kira jihar Dakota ta Kudu. Yankton reshe ne na babbar al'ummar da Turawa ke kira Sioux, masu harshe ɗaya da karin magana daban-daban, kamar dai Kananci da Sakkwatanci: na gabas su ce Dakota, na yamma su ce Lakota. Sunan da aka raɗa mata na gida shi ne Anpetu Waste Win, ma'anarsa mace mai kyakkyawar rana. Idan aka bi salsalarta, za a tarar da dukan rikicin ƙasar a cikin jininta. Kakanta na wajen uba, Saswe, shugaban jama'a ne kuma masanin maganin gargajiya, mahaifinsa kuwa wani Bafaranshe ne mai fataucin fatu. Mahaifinta, Philip Deloria, wanda ake kira Tipi Sapa, ya karɓi addinin Kirista yana saurayi, har ya zama ɗaya daga cikin limaman coci na farko a cikin mutanensa. Mahaifiyarta, Mary, 'yar Janar Alfred Sully ce, hafsan sojan Amurka da ya auka wa wani babban zango na mutanen Sioux a Whitestone Hill a 1863, inda aka kashe jama'a har da mata da yara, aka ƙone tantuna da busasshen naman da suka tanada domin hunturu. Wato dai wanda ya kai hari da waɗanda aka kai wa harin duk kakanninta ne.

Shekarar da aka haife ta kuwa ta zo daidai da rushewar duniyar mutanenta. Ɓaunar nan ta filayen Amurka, wadda daga ita suke samun nama da sutura da fatar tanti, mafarauta Turawa sun karkashe ta, daga miliyoyi masu yawa ta koma kimanin dubu ɗaya. A 1883 gwamnati ta kafa doka da ta haramta bikinsu mafi girma, wato Rawar Rana, tare da aikin masu maganin gargajiya da al'adar rabar da dukiya a wajen bukukuwa. Dokar Dawes ta 1887 ta ba da damar yayyanka ƙasar da suke mallaka a dunƙule, a ba kowane magidanci ɗan fegi, abin da ya rage a buɗe wa baƙi. A 1889 aka daddatsa babban yankin Sioux zuwa ƙananan yankuna. Ella ba ta cika shekara biyu ba lokacin da aka harbe shahararren shugaban nan Sitting Bull ranar 15 ga Disamba, 1890, a yankin Standing Rock, wanda a nan ne mahaifinta yake aikin coci. Bayan mako biyu sojoji suka buɗe wuta a Wounded Knee, suka kashe mutanen Lakota tsakanin 250 da 300, da yawansu mata da ƙananan yara.

A cikin waɗanda suka tsira daga wannan zamani ta tashi, a mishan ɗin St. Elizabeth da ke Wakpala. Da rana tana aji tana karatu da Turanci, da yamma tana cikin tsofaffin da suka yi farautar ɓauna suka kuma yaƙi sojan Amurka, irin su shugaba Gall, wanda a maƙabartar wannan mishan aka binne shi a 1894. Wannan sa'a ce da dubban tsararrakinta ba su samu ba. Tun daga 1879, lokacin da wani hafsan soja mai suna Richard Henry Pratt ya buɗe makarantar kwana ta Carlisle a jihar Pennsylvania, aka shiga kwashe 'ya'yan 'yan asalin ƙasa ana kai su nesa da iyayensu, a aske musu gashi, a canza musu suna, a hukunta duk wanda aka ji yana magana da harshen uwarsa. Binciken da ma'aikatar cikin gida ta Amurka ta kammala a 2024 ya lissafa irin waɗannan makarantu 417, ya kuma tabbatar da mutuwar yara aƙalla 973 a cikinsu, abin da ya sa shugaban ƙasar na lokacin, Joe Biden, ya nemi gafara a bainar jama'a cikin watan Oktoba na wannan shekara. Yaron da ya fito daga irin wannan makaranta sau da yawa yakan koma gida ya kasa hira da kakarsa. Ita kuwa Ella, da yake a gaban iyayenta ta fara karatu, ta riƙe harshen Yankton na gidansu, ta ƙara da Lakota na maƙwabta.

Daga Wakpala ta wuce makarantar All Saints da ke Sioux Falls, daga nan ta tafi kwalejin Oberlin a jihar Ohio, sannan ta koma kwalejin horar da malamai ta Jami'ar Kolumbiya a birnin New York, inda ta sami digiri a 1915. A can ne ta haɗu da Farfesa Franz Boas, Bajamushen nan da ake ɗauka a matsayin uban ilimin nazarin al'adun ɗan Adam a Amurka. Boas yana da tarin labarai da wani matashi ɗan Lakota mai suna George Bushotter ya rubuta da harshensa a 1887, yana neman wanda zai taimaka wa ɗalibansa su fahimce su. Ya ɗauki Ella wannan ɗan aiki, kuma nan take ya gane cewa ya sami abin da ba kasafai ake samu ba, wato 'yar gida wadda ta iya harshen tun daga nono, ta kuma iya rubutu da bincike.

Amma kafin wannan haɗuwa ta haifar da wani abu sai da aka shafe fiye da shekara goma. Mahaifiyarta ta mutu a 1916, nauyin ƙannenta biyu, Susan da Vine, ya dawo kanta. Ta koyar a tsohuwar makarantarta, ta yi aikin wayar da kai kan lafiya a ƙarƙashin wata ƙungiyar mata Kiristoci, sannan daga 1923 ta koyar da motsa jiki a makarantar Haskell da ke jihar Kansas. A 1927 Boas ya bi sawunta har can, kuma a shekarar da ta biyo baya ta ajiye koyarwa ta rungumi bincike. Daga nan har mutuwar Boas a 1942 tana kai da kawo tsakanin New York da ƙauyukan Dakota.

Yadda ta gudanar da binciken shi ne abin da ya fara jan hankalina game da ita. Baƙon mai bincike yakan zo da littafi da alƙalami da tafinta, ya biya kuɗi, ya jero tambayoyi. Ella ba ta da wannan damar, domin a al'adar mutanenta ba a tunkarar babba da tambaya kai tsaye, ba a ma kiran mutum da sunansa, sai da sunan dangantaka. Saboda haka kafin ta buɗe baki sai ta lalubo abin da ya haɗa ta da tsohon ko tsohuwar, ta san ko kawu za ta ce ko kaka, ta zo da nama ko wata 'yar tsaraba, ta zauna a ci tare, sannan ta jira maganar ta zo da kanta. Wannan hanya ta buɗe mata ƙofofin da aka rufe wa baƙi, ta kuma ɗaura mata takunkumin da baƙi ba su da shi. Ita mace ce da ba ta yi aure ba, kuma 'yar limamin coci, don haka akwai maganganun da ba za a yi a gabanta ba, akwai kuma waɗanda ita ba za ta iya tambaya ba ba tare da ta zubar da mutuncin gidansu ba.

Duk da haka ta tara abu mai yawa. A 1929 ta wallafa bayani kan Rawar Rana ta mutanen Oglala. A 1932 littafinta Dakota Texts ya fito, ɗauke da labarai 64 cikin harshen asali tare da fassara. Mai karatu Bahaushe da ya buɗe shi zai yi murmushi, domin gwarzon tatsuniyoyin, Iktomi, gizo-gizo ne mai wayo da haɗama wanda dabararsa ke yawan komawa kansa, kuma su ma sai rana ta faɗi suke yin irin waɗannan tatsuniyoyi. A 1941 ita da Boas suka fitar da Dakota Grammar, nahawun da masana harshe ke komawa gare shi har yau. Ba ta kasance 'yar amshin shata ba. Lokacin da Boas ya tura ta ta tantance wasu labaran halittar duniya da wani likita Bature, James Walker, ya tattara a Pine Ridge, ta zagaya wurin tsofaffi ta dawo ta shaida masa cewa ba su san da yawa daga cikinsu a wannan siga ba, ta kuma tsaya a kan abin da ta ji duk da cewa ba haka maigidanta ya so ji ba.

Wannan suna da ta yi bai zo mata da abin duniya ba. Ba ta da babban digiri, ba ta taɓa samun kujerar dindindin a jami'a ba, sai ɗan tallafin bincike da ke zuwa yau ya yanke gobe. Ga jinyar mahaifinta da ya yi fama da shanyewar jiki har ya mutu a 1931, ga ƙanwarta Susan, mai zane-zane wadda ba ta da ƙoshin lafiya, ga dangi da ke kallon duk mai albashi a matsayin rumbu, ga kuma karyewar tattalin arzikin Amurka da farin da ya addabi filayen Dakota a shekarun 1930. Akwai lokutan da mota ce ɗakin kwanansu ita da Susan. Abokan aikinta Turawa sukan yi mamakin yadda take barin aiki ta tafi jinyar ɗan'uwa, alhali abin da take rubutawa ke nan a takardun da take aika musu: a wurin mutanen Dakota, cikar mutum ita ce ya zama ɗan'uwa nagari, ya sauke haƙƙin kowa gwargwadon dangantakarsu. Ta bayyana wannan ra'ayi dalla-dalla a littafinta Speaking of Indians na 1944.

A nan ne ta ci karo da iyakar aikin masana. Ana iya jera sunayen dangantaka a jadawali, a rubuta cewa suruki ba ya magana da uwar matarsa kai tsaye, ko cewa ana wasa tsakanin mace da ƙanin mijinta. Duk gaskiya ne, amma wanda ya karanta jadawalin ba zai ji nauyin kunyar ba, ba zai kuma san daɗin wasan ba. Mu da muka san kunyar ɗan fari da wasan taubasai mun san cewa wanda bai tashi a ciki ba, ko an yi masa bayani sau goma, zai ɗauke su wasu ƙa'idoji ne marasa kan gado. Da ƙarfafawar Ruth Benedict, wadda ta ci gaba da kula da aikinta bayan Boas, Ella ta ɗauki abin da ta tara cikin shekaru ta zuba shi a ƙagaggen labari. Ta sa masa suna Waterlily, wato furen bado, ta kuma kafa shi a ƙarni na 19, gabanin a killace mutanenta.

Labarin ya fara ne da wata matashiya, Blue Bird, wadda naƙuda ta kama ana tsakiyar ƙaura. Ta zame daga ayari ta haihu ita kaɗai a bakin ruwa, ta ga furen bado, ta raɗa wa jaririyar sunansa. Sannu a hankali mai karatu zai gane dalilin kaɗaicinta. Tana ƙarama mahara suka hallaka iyayenta da 'yan'uwanta yayin da ita da kakarta suka ɗan fita daji, wani zango na daban ya tsince su ya ba su masauki. A can ta auri wani mutum mai baƙin kishi, wanda daga baya ya sake ta a bainar jama'a a wajen rawa domin ya wulaƙanta ta. Sai da ita da kakarta suka koma cikin danginsu na asali, ta auri wani mutum mai natsuwa, Rainbow, sannan yarinyar ta sami abin da mutanen Dakota ke kira tiyospaye, wato babban gida na 'yan'uwa da surukai da ke kafa tantunansu wuri ɗaya.

Daga nan littafin ya bi yarinyar tana girma, kuma ta idonta mai karatu ke koyon komai. Duk 'yan'uwan uba maza uba ne, duk 'yan'uwan uwa mata uwa ce, saboda haka da wuya yaro ya zama maraya na gaske. Ba a dukan yaro. Idan ya yi kuskure sai babba ya yi maganar a kaikaice inda zai ji, ko a yaba wa wani yaron da ya yi daidai. Kakanni ne makaranta, kaka mace tana koya ladabi a wajen aiki, kaka namiji yana ba da tarihi da dare. Idan yarinya ta fara girma sai ta daina wasa da yayyenta maza, ta koma girmama su tana yi musu takalman fata masu ado da ƙayar beguwa, su kuma su kawo mata abin da suka samo. An yi wa Waterlily bikin hunka, wanda ake yi wa ɗan da aka fifita, inda iyaye ke rabar da dukiya da sunansa, shi kuma ya ɗauki alkawarin zama mai kyauta har ƙarshen ransa. Babu inda marubuciyar ta tsaya ta yi lacca. Ka'idar takan zo ne a daidai lokacin da yarinyar ke bukatarta.

Haɗari kuwa bai taɓa yin nisa ba. Da kakar yarinyar ta mutu, dangi suka ɗauki al'adar tsare ruhun mamaci na shekara guda, wadda ake rufewa da gagarumin rabon dukiya. Ana dab da bikin aka yi asarar dawakai biyu da aka tanada. Waterlily ta amince ta auri wani saurayi da ba ta sani ba, Sacred Horse, domin dawakan da ya bayar su cike gurbin, kada danginta su ji kunya. Ta tafi zangon mijinta, inda kusan kowa suruki ne da dole ta yi taka-tsantsan a gabansa. Ana cikin haka barguna da aka samo daga wurin Turawa suka shigo da cutar agana. Zango ya watse ƙungiya-ƙungiya, mijinta ya mutu, mahara kuma suka auka wa 'yan tsirarun da suka rage. Wannan ba ƙari ba ne irin na mai labari, domin annobar agana ta 1837 a yankin kogin Missouri ta kusa shafe ƙabilar Mandan daga doron ƙasa. Waterlily ta tsira da juna biyu, wasu ma'aurata da suka ɗauke ta a matsayin 'ya suka kula da ita, har ta koma gida, daga baya ta auri Lowanla, ɗan'uwan mijinta marigayi.

Idan aka lura, sau biyu duniya tana rushewa a kan mace a cikin littafin, sau ɗaya a kan uwa, sau ɗaya a kan 'ya, kuma duka biyun ba jarumi mai makami ne ya cece su ba. Abin da ya tsamo su shi ne akwai wanda ya san cewa kalmar 'ya ko jika da ya furta tana ɗauke da wajibi, ko da ba jini ya haɗa su ba. A fahimtata wannan ne saƙon Ella. Ilimin da al'umma ke koya wa yaro game da wanda zai kira uba da wanda zai ji kunya, wanda a lokacin zaman lafiya ake gani kamar ado, shi ne guzurin da ke raya shi ranar da gari ya watse. Ta rubuta haka ne tana sane da cewa makarantun kwana sun raba yaran zamaninta da wannan guzuri.

Ta kammala littafin a ƙarshen shekarun 1940, bayan an sa ta ta zaftare kusan rabinsa domin ya dace da kasuwa. Duk da haka kamfanonin buga littattafai suka ƙi karɓa, a ganinsu babu masu sayen irin wannan labari. A 1948 Ruth Benedict ta mutu, Ella ta rasa mai tsaya mata. Ta adana rubutun ta ci gaba da abin da ta iya. Daga 1955 zuwa 1958 ta koma Wakpala ta riƙe makarantar da ta fara karatu a ciki. A shekarun 1960 ta yi aiki a Jami'ar Dakota ta Kudu tana haɗa ƙamus na Lakota, wanda bai kammalu ba har ciwon shanyewar jiki ya kama ta a 1970. Rai ya yi halinsa ranar 12 ga Fabrairu, 1971. Sai a 1988, shekara 17 bayan mutuwarta, maɗaba'ar Jami'ar Nebraska ta buga Waterlily, kuma tun daga lokacin ake karanta shi a makarantu da jami'o'i. Ɗan ƙaninta, Vine Deloria ƙarami, ya zama ɗaya daga cikin fitattun marubutan 'yan asalin Amurka. Dubban shafukan da ta bari suna ajiye a Philadelphia da Dakota ta Kudu, kuma yanzu da masu jin Lakota tun daga nono suka ragu ƙwarai, galibinsu tsofaffi, masu koyar da harshen da masu haɗa ƙamus suna ɗiba daga cikinsu.

Ba a rasa masu sukar ta ba, kuma sukar tana da tushe. Wasu na ganin ta ƙawata rayuwar da fiye da kima, ta sa kusan kowa ya zama mai bin ƙa'ida. Wasu sun lura cewa Turawa take rubuta wa, da Turanci, tana lallashinsu su yarda mutanenta mutane ne, kuma tarbiyyar mishan ta sa ta tausasa harshe a inda ɗan ƙaninta zai yi tsawa daga baya. Na yarda akwai wannan. Sai dai littafin bai ɓoye harin da ƙabilu ke kai wa juna ba, bai ɓoye mijin da ke wulaƙanta mace ba, bai kuma ɓoye kaɗaicin amarya a cikin surukai ba. Wani abin lura kuma shi ne Ella ta rayu ta mutu tana Kirista mai riƙo da addininta, amma hakan bai hana ta rubuta bukukuwan kakanninta da adalci ba. Ta bambance tsakanin sanin abu da bauta masa, bambancin da mu ma wani lokaci yake shige mana duhu idan aka zo maganar al'adunmu na da.

A daidai shekarun da rubutun Ella ke kwance a akwati, wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, tana ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin ƙuruciyarta a zamanin harin bayi, da yadda ake aure da goyo da ƙawance a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa. An buga shi da Turanci a 1954, kuma har yau yana cikin mafi kyawun abin da ake da shi kan rayuwar matan Hausawa na wancan zamani. Mun gode wa Mary Smith, amma abin tambaya shi ne tsofaffi nawa irin Baba suka tafi da nasu labarin saboda babu ɗan gida da ya zauna ya saurara. Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya raba miliyoyin mutane da garuruwansu a arewa maso gabas, hare-haren 'yan bindiga kuma sun tashi ƙauyuka da dama a Zamfara da Katsina da Sakkwato. Akwai yaran da aka haifa a sansanin gudun hijira waɗanda ba su taɓa ganin gonar kakansu ba, ba su san sunan unguwarsu ta asali ba. Abinci da magani da makaranta su ne a gaba, babu musu. Amma akwai buƙatar wani ya rubuta musu yadda garin yake kafin ya tashi, wa ke gaida wa, wa ke yanka ragon suna, wace tatsuniya ake yi a dandali, ya kuma rubuta shi ta yadda yaro zai karanta ya ga kansa a ciki.

Masu iya magana sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ella Deloria ba ta da albashi tsayayye, ba ta da gidan kanta a mafi yawan rayuwarta, ba ta kuma da tabbacin wani zai buga abin da take rubutawa, amma ta zauna a gaban tsofaffi tun suna da rai. Mu muna da digiri da albashi, muna da wayar da ke naɗar murya a aljihu, harshenmu kuma yana da masu karatu miliyoyi da maɗaba'u a Kano da Zariya da Kaduna. Tsofaffin da suka san yadda garuruwan nan suke kafin su watse suna nan a raye, wasu a sansani, wasu a ɗakunan bayan gidajenmu. Allah Ya ba mu ikon sauraronsu tun suna iya magana.